Rumfar Bankinmu a Gidan Makoki

Har yau in na ga an tsayar da ma'aikaci gaban jama'a an miƙa masa ambulan ana tafi, sai in kau da kai. Ba hassada ba ce. Na ga abin da ambulan ya yi wa wani reshen banki a Jega, na ga abin da ya yi wa mutum ɗaya a cikinsa, kuma rainin da na ɗauka tun wancan lokacin bai sake ni ba.

Ba a daɗe da yanke Kebbi daga Sakkwato ba a lokacin. Kowa na ganin sabuwar jiha ta zo da sabon arziki, bankuna suka yi ta buɗe rassa, har da namu, wanda ya daɗe da rushewa kuma ban taɓa jin wanda ya yi kewarsa ba. Ni kashiya ne, wurina bayan kanta. Masu zuwa gabana 'yan hatsi ne, da dillalan dabbobi, da mahauta, da direbobi, da manoman albasa na Aliero waɗanda kan shigo da ƙanshin sana'arsu tun daga ƙofa.

A bayan ginin akwai wata bishiyar dogon yaro mai inuwa. Bayan sallar azahar wata mata daga unguwar Jega Firchin takan aiko mana da babban tire na shinkafa da wake, wata rana tuwo, mu kewaye shi mu duka. Manaja ne kaɗai ke ci a ofis, don kada girmansa ya zube a miya. Duk wani gyara na kirki da aka taɓa yi a reshen nan, a bakin tiren nan aka haife shi, kuma ba wanda ya kira shi basira. Wani ya ce yau ya ga tsoho ya tsaya a layi har ƙafarsa na rawa, wani ya ce ai akwai benci a sito yana zaman banza, washegari benci na waje. Wani ya yi mitar cewa ranar kasuwa 'yan albasa na cika mana zaure har ido na hawaye, wani ya ce to a buɗe musu tagar gefe mana, su tsaya a inuwa kusa da buhunansu. Aka buɗe. Tagar nan ta fi babbar ƙofa kawo mana mutane, amma ko za a yanka ni ba zan iya tuna wanda ya fara faɗa ba, don magana ce da aka yi baki cike da wake.

Wanda ya fi kowa kawo irin waɗannan shi ne jami'inmu mai kula da manoma, wanda muke kira ɗan Liba, da sunan ƙauyensu da ke yankin Maiyama. Mutum ne mai kai, kuma abokina ne. Shi ya ce a riƙa kai tebur Aliero lokacin da manoma ke fasa rudu, wato rumfunan ciyawa da suke adana albasa a ciki har ta yi tsada, don kada mutum ya cusa cinikinsa a aljihu ya shiga mota zuwa Jega gabansa na faɗuwa. Ya faɗa ne kawai, ya ci gaba da cin abincinsa.

Maraya ne. Baffansa, ƙanin mahaifinsa, shi ya rene shi, ya sa shi boko lokacin da ake ganin hakan asarar hannu ce a gona. Saboda haka duk abin da ya faru a Liba da shi ake yi. In haihuwa ce za a aiko. In rasuwa ce, kafin a gama wanka wani ya hau babur ya nufo Jega, ko a ba direban motar Maiyama saƙo. Sau da yawa na ga ya ajiye biro a tsakiyar rubutu ya fita. A gidan makoki kuwa gefen baffansa yake zama, cikin masu karɓar gaisuwa, ba cikin masu kawo ta ba. Ba shi da mota, gidan haya yake zaune a Jega, amma in ya ce an aiko masa daga gida sai ka ji muryarsa ta fi ta mai mota. Wurin zaman nan a kan tabarma kusa da baffansa shi ne duk dukiyarsa, kuma shi ne abin da ya zo ya rasa.

Wata rana a tsakiyar bazara wani mutum ya zo daga hedikwata. Baƙar kwat ya sa, a Jega, a watan da ko kaza ba ta fita rana. Ya tara mu yana magana yana tsiyayar gumi, ya ƙi cire kwat ɗin, wai kada mu raina shi, alhali tun daga nan muka fara. Ya ce manya sun zauna sun gano cewa ƙwaƙwalwar ma'aikaci barci take yi sai ta ji ƙanshin kuɗi. Saboda haka daga yau, duk bayan wata uku, wanda ya kawo sabuwar dabara mafi kyau za a ba shi ambulan mai kauri. Sai dai dole a rubuta dabarar, mai ita ya sa hannu, ya jefa a akwati, kuma dole ta nuna yadda za ta kawo sababbin masu ajiya. Ya ɗora akwatin a kan tebur, an shafa masa fenti an sa masa kwaɗo, ya damƙa wa manaja makullin kamar ya ba shi sarauta. Muka yi tafi, har da ni, don an ce a yi.

Abin da ya fara mutuwa shi ne hirar tire. Abinci bai canza ba, inuwa ba ta canza ba, amma sai ka ga manyan mutane masu iyali suna tauna suna satar kallon juna. Wani ya buɗe baki zai ce wani abu, sai ya tuna, ya cusa loma. In ka yi ƙorafin wani abu da ya lalace a reshe, ba wanda zai ce ga yadda za a yi, sai dai ka ga idon wani ya yi haske, ya wanke hannu da sauri ya shige ciki. Muka koma hirar zafi da tsadar fetur. Ni dai Allah ya hutar da ni, bai ba ni basirar da zan kai kasuwa ba, don haka na samu sararin kallo.

Kuma na sha kallo. Wani ya rubuta a buga sunan banki a jikin butocin roba a raba a masallatai, bai ko tuna inda buta ke fara zuwa kafin alwala ba. Wani ya ce a ɗaura lasifika a kan motar banki ana zagaya kasuwa, kamar masu tallar maganin basir. Ambulan na farko kuwa akantanmu ya cinye shi. Akantan nan mutum ne da ban taɓa jin ya kawo shawarar ko inda za a ajiye tsintsiya ba. Abin da ya yi shi ne ya ɗauki tagar gefen nan da ta daɗe a buɗe, ya rubuta ta a takarda da dogon Turanci, ya raɗa mata suna, ya sa hannu. Hedikwata ba ta san akwai taga ba, manaja ya sani amma ya yi shiru don yabon reshe yabonsa ne. Mutumin kwat ya dawo ya miƙa ambulan, aka ɗauki hoto a gaban tagar, 'yan albasa suna tsaye a gefe suna jira a gama a sallame su.

Gyaran gaske kuma ya tsaya cik. Ɗaya kashiyan, wanda ke zaune kusa da ni, ya gano hanyar da za a rage layin ranar kasuwa, na san ya gano don na ga yana gwadawa a ɓoye. Amma an riga an kwashe takardun wannan zagayen, sai ya ɓoye abarsa yana jiran na gaba, mutane suka ci gaba da gasuwa a rana. Ƙafar benci ta karye, ba wanda ya ce uffan, don gyaran benci ba ya kawo sabon mai ajiya. Tsofaffi suka koma tsayuwa.

Ɗan Liba ya jefa takarda a zagaye na farko bai ci ba, ya jefa a na biyu bai ci ba. Ba wai yana cikin wata matsa ba ne, albashinsa na isar sa. Abin da ya ci masa rai shi ne akanta, wanda yanzu ke tafiya yana buɗe hannuwa, yana kiran kansa mai hangen nesa, har yana ba wasu shawarar yadda ake tunani. Mai kai ya ga an yi wa marar kai tafi, ya kasa haɗiyewa. Ya rame, ya daina dariya, ya koma zama shi kaɗai yana kallon bango.

Wata la'asar bayan an tashi ya ja ni gindin dogon yaron nan. Sai da ya waiga ya tabbatar ba kowa, shi da a da yake zubar da shawara kamar ruwan wanke hannu.

"Malam, in tambaye ka," ya ce. "Wa ad da kuɗɗi ga hannu, bai saba da su ba, bai san inda za shi kai su ba?"

Na ce ban sani ba, sai ko ɓarawo.

"Magada," ya ce, idonsa na ƙyalli. "Mutum shi mutu shi bar albasa, shi bar shanu, shi bar hwadama. A raba. Kahin damana ta zagayo ɗiyan sun watsar. To in banki na nan tun ranar da anka yi rashin, mun zama na gida. Mu kai rumhwa, mu kai tabarmi da goro. In anka raba gado, wa za su tuna?"

"Gidan makoki hwa ka ka nuhi," na ce.

"To ni da can ba zuwa ni ka yi ba? Zuwan da ni ka yi kyauta, ina aibi in an rubuta shi anka biya ni?"

Abin haushin shi ne akwai gaskiya a maganarsa, don mun sha ganin 'ya'yan attajirai sun cinye gado a babur da shadda kafin shekara ta dawo. Da a bakin tire ya faɗe ta, a zamanin da muke magana, da wani ya yi dariya ya ce kai, wannan ba ta yi ba, wani ya ce sai dai a bari sai bayan arba'in a aika wanda ya san gidan, a haka a sassaƙe ta har ta zama abin kirki ko a yar da ita. Amma yanzu ba mai sassaƙa wa wani, akwati ne kawai, shi kuwa akwati duk abin da ka ba shi haɗiyewa yake.

Ya ci. Dabarar da ya jefa a akwati ba a reshenmu kaɗai ta yi fice ba, hedikwata ta ce ba a taɓa kawo mata dabara irin wannan ba. Suka raɗa wa abin wani suna na Turanci da ban taɓa iya faɗa ba tare da na yi tsaki ba. Suka aiko da rumfar tamfol koriya shar, an rubuta sunan banki da manyan baƙaƙe a kowane gefe, yadda ko mai wucewa a mota zai san mun iso. Suka aiko da tabarmi masu tambari. Sannan suka ƙara abin da ya ƙarasa lalata mu: duk wanda ya fara kawo labarin rasuwa, in har magada suka buɗe ajiya, yana da nasa ɗan kason. Da ambulansa ɗan Liba ya sayi firji, a garin da wuta ke zuwa kamar baƙuwa. Daga baya na ga takalmansa a ciki.

To a nan ne na ga basirar da mutumin kwat ya yi alkawari. Wallahi ta farka. Akanta ya ƙulla abota da wani mai sayar da farin yadi a kasuwar Jega, wanda ake zuwa wurinsa yankan likkafani, kullum sai ya biya ya gaishe shi. Ɗaya kashiyan ya tuna yana da suruki mai aiki a asibiti, wanda ya yi shekaru bai nema ba. Manaja, mutumin gabas ne mai Hausar littafi, in aka kawo masa labari ba ya fara cewa Allah ya jiƙansa, sai ya ɗago kai ya ce, "Me yake sana'a?" In aka ce dillalin albasa ne ko mai shanu, sai ya sa hula, a ɗora rumfa a a-kori-kurar banki. In aka ce mai faci ne ko ɗan dako, sai ya ce Allah sarki, ya koma kan takardunsa.

Mutane ba wawaye ba ne. Ba a jima ba rumfarmu ta zama ma'aunin arzikin mamaci. In an yi rasuwa sai ka ji ana tambaya, koriyar ta zo? A Aliero wani babban dillalin albasa ya faɗo daga kan mota ya karye, aka kai shi wurin masu ɗori. Yana kwance a zaure an ɗaure masa ƙafa da kara, sai ga motarmu za ta wuce zuwa wurin teburin albasa. Ya ɗaga murya yadda duk layin ya ji, ya ce, "Ku hwaɗa ma manajanku ƙahwa ta, ba wuya ba! Shi ƙara haƙuri!" Wani tsohon mahauci kuma da ya saba zuwa tagata, ranar da mura ta kama shi sai ya sunkuyo ya ce in sallame shi da sauri kafin tari ya taso masa akanta ya ji. Na yi dariya, amma kunya ce ta fi yawa a cikin dariyar.

Ɗan Liba yana jin duk wannan. Sai ya ce ai ba haka ya rubuta ba, su suka ɓata. Amma bai mayar da ambulan ba, kuma in an ɗora rumfa shi ne a gaban mota, don shi ya san yadda ake shiga gidan mutuwa, ya san lokacin da ake durƙusawa da lokacin da ake shiru. Abin da baffansa ya koya masa a kan tabarma, shi ya koma yi wa banki jagora da shi.

Sai abin ya biyo ta gida. Wani babban ɗan hatsi ya rasu a Liba. Manaja ya ji, ya ce wannan ta kowa da kowa ce, ranar sadakar uku duk mu je don a ga banki ya cika wuri. Ba ranar aiki ba ce, don haka har ni aka kwasa. Ba a daɗe ba kafin wannan wani maƙwabcin baffan ɗan Liba, mai gyaran keke, ya rasu, kuma a wancan karon ɗan Liba shi kaɗai ya je a babur ɗin haya.

Muka isa da hantsi. Direba da masinja suka kafa rumfa a ƙofar gidan, koriya shar a tsakiyar katangun ƙasa. Liman ya yi addu'a, aka shafa. Hannuwan mutane ba su gama sauka daga fuska ba manaja ya matsa kusa da babban ɗan marigayin, ya zaro takardun buɗe ajiya daga ƙarƙashin babbar rigarsa, ya ce cikin muryar da yake ganin raɗa ce, "Ku nawa ne magadan?" Yaron da aka tambaya ya sunkuyar da kai.

Baffan ɗan Liba na zaune cikin dattawa, siririn tsoho mai farin gemu. Ya ɗago hannu ya yafito ɗansa. Ɗan Liba ya taso ya durƙusa a gabansa.

"Ɗana, wagga rumhwa ku ad da ita?"

"Mu ad da ita, Baffa."

"Ran da maƙwabcina yar rasu, an kai ta wanki?"

Tsohon ya ci gaba.

"To yau gaisuwa kaz zaka, ko aiki?"

Da ya yi ƙarya ma da ya fi. Amma ya saba ba ya yi wa tsohon ƙarya, sai ya ce, "Duka biyu na, Baffa."

"Madalla," in ji tsohon. "Allah shi taimaka."

Bai ɗaga murya ba, bai ɓata fuska ba. Abin da bai yi ba kawai shi ne bai janye ƙafarsa ya ba shi wuri ba, kamar yadda ya saba. Ɗan Liba ya ɗan jira a durƙushe, sannan ya miƙe ya dawo ya zauna cikinmu a tabarma mai tambari. A hanyar dawowa manaja baki har kunne, wai biyu daga cikin magadan sun karɓi takarda. Ya bugi kafaɗar ɗan Liba ya ce lallai gida ya yi rana.

Ba wanda ya zage shi a Liba bayan wannan. In ya je ana gaisawa da shi lafiya lau, a kawo masa fura. Saƙo ne kawai ya fara ja da baya. Sai ya ji an yi suna bayan an yi, ya ji wance ta rasu bayan an share makoki. Yakan ce mini ai damina ce hanya ta lalace, ko direban da ake ba saƙon ya canza layi. Ni ina jin sa ina kallon ƙasa. Yana ta cewa zai je ya zauna da Baffa su yi magana ta fahimta, in aiki ya yi sauƙi. Aiki kuwa bai yi sauƙi ba, don mutane ba su daina mutuwa ba kuma rumfa ɗaya ce.

Wata ranar kasuwa, zaure ya cika, wani ɗan hatsi daga Maiyama yana tsaye a tagata ina sallamarsa. Sai ɗan Liba ya gifta ta bayana riƙe da fayil. Mutumin ya gan shi, ya cire hannu daga kanta, ya gyara tsayuwa.

"Malam, ya haƙuri? Allah shi jiƙan Baffa, shi sa ya huta. Ni ban samu jana'iza ba, sai jiya nit tahi anka yi uku da ni. Ban gane ka ba, nic ce halan kana cikin gida."

Ɗan Liba ya tsaya. Ya ce, "Wane Baffa?"

Mutumin ya dube shi, ya dube ni, ya gane abin da ya yi. Ya fara salati yana ba da haƙuri kamar shi ya yi kisan. Fayil ɗin ya zame daga hannun ɗan Liba, takardu suka watse, bai ko kalle su ba. Labari ya kai ofishin manaja, ya leƙo daga ƙofa. Wannan karon ya fara da Allah ya jiƙansa, wannan kam na shaida masa. Amma sai ya ƙara da cewa, "In ce direba ya ɗora rumfa?" Ban taɓa jin na tsani mutum kamar yadda na tsane shi a wannan lokacin ba, kuma abin takaicin shi ne da zuciya ɗaya ya faɗa, yana ganin karamci ya yi. Na tura wa ɗaya kashiyan layina, na ja hannun abokina muka fita, na goya shi a babur ɗina.

Da muka isa Liba an naɗe yawancin tabarmi, saura guda biyu a ƙofar gida, da 'yan tsirarun mutane. Babban ɗan Baffa, wanda suka tashi ɗaki ɗaya kuma ɗan Liba ke kira Yaya, yana zaune a inda tsohon ya saba zama. Da ya gan mu ya miƙe tsaye, ya yi mana sannu da zuwa, ya ce mun sha hanya, ya nuna mana ɗaya tabarmar, ta baƙi. Muka zauna, aka yi addu'a. Ɗan Liba ya shafa.

"Yaya," ya ce, "mi niy yi da ba a aiko mani ba?"

"Ba ka yi komi ba," in ji yayan. "Shawara munka yi, munka ga kada mu wahal da ku banza. Baffa bai bar wani abin kirki ba da za a taso mota sabo da shi."

Na zuba wa fuskarsa ido ina neman alamar baƙar magana, don da ita ce da da sauƙi, a yi faɗa a shirya. Ban gani ba. Mutumin ya faɗi abin da ya ɗauka gaskiya ne, har da ɗan jin nauyi, kamar mai ba babban baƙo haƙuri a kan ƙarancin abinci. Ɗan Liba ya nemi a nuna masa kabarin, yayan ya raka mu. Ƙasar ta riga ta fara bushewa, an ɗora ƙaya a kai. Ya daɗe a tsugune. Da za mu tafi yayan ya rako mu har bakin babur, ya ce sun gode ƙwarai da muka samu zuwa duk da aiki.

Da muka iso Maiyama na tsaya shan mai a wurin masu sayarwa a kwalba. Ya sauka ya tsaya a gefen titi yana kallon motocin hatsi suna wucewa. Na ɗauka zai zagi yayansa, ko manaja, ko mutumin kwat, kuma na shirya in taya shi har mu isa Jega.

"Ka san abin da yaf fi ci mani rai?" ya ce, bai dube ni ba. "Ba rashin aikowa ba na. Da Yaya yac ce Baffa bai bar komi ba, wallahi kahin in ji zahin maganar, sai da raina yac ce mani ƙarya na, akwai hwadama, akwai shanun huɗa. Ga tabarmar makokin Baffa, malam. Ban kira tunanin ba, shi kaɗai yat taho."

Mai man ya miƙo mini murfin tanki, na rufe. Na tayar da babur, na jira shi har ya hau.